Wane ne gwarzo? Cacar baki kan lambar ma'aikata ta Tarayyar Sobiyat

Baba Ɗanladi: Shekara 26 na yi a masaƙa, aka rufe ta, har yau ban ga kuɗin sallamata ba. Shi ya sa nake cewa 'yan gurguzu sun fi mu sanin darajar ma'aikaci. Tun 1938 tsohuwar Tarayyar Sobiyat ta ƙirƙiro lambar Gwarzon Aikin Gurguzu, a lokacin babu wadda ta fi ta a wajen ma'aikaci. Tauraron zinariya ake rataya maka, mai guduma da lauje. Mai tatsar shanu ta samu, direban tarakta ya samu. Mu ko takardar godiya babu.

Abban Khadija: Baba, Allah ya fito maka da haƙƙinka. Amma gwarzo fa ka ce? Wa aka fara ba? Stalin, shugaban Sobiyat ɗin, a 1939, a bikin cikarsa shekara 60. Wace garma ya riƙe?

Kwamared Sani: Gwarzo shi ne wanda ya yi abin da ya gagari saura. Stakhanov, wani mai haƙar kwal a Sobiyat, ya haƙo tan 102 na kwal a dare ɗaya a 1935, ninki 14 na abin da aka yanka masa.

Abban Khadija: Wasu ne a bayansa suke tokare ramin da katako, aka rubuta duka da sunansa. Kuma sai 1970 aka ba shi lambar.

Malam Habu: A wurinmu gwarzo mai tsayawa kan gaskiya ne. Gwamnatin da ta rufe masallatai ba ta isa ta naɗa gwarzo ba.

Kwamared Sani: Allah gafarta Malam, haƙƙin leburori ake magana, ka kawo masallaci.

Maman Yusra: To ai Kalashnikov ma, wanda ya ƙera AK-47, sau biyu aka ba shi. Bindigarsa ce ke zubar mana da jini a Zamfara. Shi ma gwarzo ne?

Kwamared Sani: Hajiya, ƙasarsa ya ƙera wa. Maƙeri ne ke da laifi in an yi kisa da wuƙa?

Maman Yusra: Kai da ba ka taɓa kwana a daji kana gudun 'yan bindiga ba, dole ka faɗi haka.

Kwamared Sani: Ƙanin mahaifina aka sace bara. Kada ki ƙara faɗa mini haka.

Baba Ɗanladi: Jama'a, ni fa maganar sallamata nake yi.

Abban Khadija: A matsayina na mai kula da zaure, zan rufe a nan. An tabbatar lambar siyasa ce kawai. Sakharov, masanin kimiyyar nukiliya na Sobiyat, sau uku aka ba shi, da ya soki gwamnati aka ƙwace a 1980. Kwamared bai iya kare komai ba, Malam da Hajiya sun yi gaskiya. Baba, mu haɗu gobe in raka ka ofishin ƙungiyar ƙwadago.

Kwamared Sani: Sakharov ɗin yanzu ka kawo shi, ka rufe ban amsa ba. Wannan ba adalci ba ne.