Yadda Za a Karanta Thoreau Ba Tare da Kuskuren Fahimta ba

Ga mai son karanta Henry David Thoreau, marubucin Amurka, shawara ita ce a fara da maƙalarsa ta 1849 kan bijire wa gwamnati, kafin a shiga littafinsa Walden na 1854. Gajera ce, zama ɗaya ya isa.

Amma a fara sanin tarihinta. A watan Yulin 1846 aka tsare shi dare ɗaya a Concord, jihar Massachusetts, saboda ya ƙi biyan harajin kai, yana adawa da bautar da bayi da yaƙin Amurka da Meziko. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka taurin kai ne kawai.

Inda masu karatu suka fi zamewa shi ne layin farko na maƙalar, inda ya yabi gwamnatin da ba ta yawan tsoma baki. Wasu nan suke tsayawa su ce ba ya son gwamnati sam. Gaba kaɗan ya fayyace cewa gwamnati mafi kyau yake nema, yanzu-yanzu.

Game da Walden kuwa, babin farko dogo ne, har da lissafin kuɗin gina bukkar da ya zauna a cikinta a bakin tafkin Walden, dala 28 da 'yan kai. Gara a bi shi a hankali, shafi goma a rana, domin a nan ya kafa hujjarsa.