Mai nauyi a saɓa tare, mara nauyi ma a riƙe tare

Ɗalibi a Malesiya:
Assalamu alaikum. Limamin unguwarmu ya kawo wata karin maganar Malay: "Berat sama dipikul, ringan sama dijinjing." Wato kaya mai nauyi a saɓa shi a kafaɗa tare, mara nauyi a riƙe shi a hannu tare. Ya faɗe ta ne ranar karɓar kuɗin khairat kematian, asusun masallaci da magidanta ke zuba ɗan abu duk shekara saboda likkafani da haƙar kabari. Na ga wani dattijo ɗan fansho ya zaro takardun ringgit a ninke daga aljihun rigarsa, ya tsaya sai da aka rubuta sunansa a littafi. Rabin farko na gane, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To mara nauyi fa, me ya kawo taro?

Hajiya mai adashe:
Ɗana, ai rabin na biyun shi ne maganar. Wanda bai saba zuba ƙaramin kuɗi da mutane ba, ranar babbar lalura wa zai ƙwanƙwasa wa ƙofa? Dattijon nan wurin zamansa a cikin jama'a yake biya.

Tsohon akawu:
Hajiya, a gafarce ni, ban yarda ta kai can ba. Jana'iza rana ɗaya ce, cefane da magani kuwa kullum ne. Ma'aikacin kamfani a Malesiya yana iya kwashe ajiyarsa ta asusun KWSP, wato asusun tanadin ritaya na ma'aikata, yana da shekara 55, alhali shekarun ritaya 60 ne. Lokacin korona, daga 2020 zuwa 2022, gwamnati ta bari an yi ta cira, da yawa ajiyarsu ta ƙare. Idan kowa a sahun tsoho ne mara ƙarfi, kafaɗar wa za a ɗora wa kayan? A ƙarshe kan 'ya'ya yake komawa.

Hajiya mai adashe:
Gaskiyarka Malam, amma 'ya'yan ma suna cikin "tare" ɗin. Ɗana, matansu na adashe?

Ɗalibi a Malesiya:
Suna yi Hajiya, main kutu suke ce masa, sai dai dokar 1971 ta hana mayar da shi kasuwanci. Maganar Baba akawu ta tsaya min a rai. Ranar Juma'a zan tambayi dattijon wa ke biyan kuɗin maganinsa.