Cigiyar Yayan Iya Da Ya Tafi Yaƙin Bama

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema. Kakarmu Iya ta haura casa'in, kwanan nan ba ta da zance sai na yayanta da aka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitila, daga nan Ƙofar Guga a Katsina. Abin da ta riƙe kawai, shi ke ɗora ta a wuya ta ga hawan Sallah a Ƙofar Soro. Tun da ya tafi ba gawa ba labari. Na ji an ce akwai masu bin salsala fisabilillahi. Wa zan nema?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Iya lafiya. Ki ba da cigiya a rediyo.

Ɗan Marusa: Cigiyar mutumin da ya ɓata shekara tamanin? Ai ba akuya ba ce Abu.

Alhaji Na Daura: Ƙanwata, kafin a ce maki je wurin wane, bari in faɗa maki wanda ba za ki je wurinshi ba. Namu kakan ya tafi Makka a ƙasa mahaifinmu yana goye, bai dawo ba. Shekarun baya wani ya zo mana da jaka da katin shaida a wuya, wai shi mai binciken asali ne. Kuɗin mota, kuɗin masauki, kuɗin "buɗe fayil", sau uku ina tura mashi. Bayan wata biyu ya kawo takarda an lulluɓe ta da leda, an zana bishiya har da ganye kore. Na duba, kakanmu na bakwai wai Bayajida ne. Na ce Malam, tsakanina da rijiyar Kusugu mutum bakwai kacal? Mu fa gidan majema ne, kowa a unguwa ya sani, har yanzu ramukan jima na nan bayan gida. Abin da ya fi ƙona mani rai, ya ƙaƙaba mana wani reshe da ba mu san shi ba, saura kaɗan a je gaban alƙali kan gona.

Wanda ya taimake mu daga baya wani tsohon hedimasta ne, ko kuɗin man babur ba ya amsa. Littafin makaranta ɗaya ya zo da shi da biro. Ya kwana uku yana zama gaban gwaggonmu, bai ma fara da suna ba: wane zane ne a fuskarshi, wa ya yi mashi aski ranar suna, da wane ayari ya tashi, da rani ko bayan kaka. Ya ce mahajjatan ƙasa da yawa guzuri ke ƙare masu a Sudan, su tsaya aikin auduga a Jazira, wasu su yi aure su zauna. Akwai ma garin Mai Wurno a bakin Nilu, na mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ta hannun ɗalibanmu da ke karatu can ya bi, har aka samu wani dattijo kusa da Wad Madani. Ya turo murya, Hausarshi duk Larabci, amma da ya ambaci laƙabin da kakarmu ce kaɗai ke kiran mijinta da shi, gwaggo ta kife a tabarma tana kuka. Tun da yaƙinsu ya tashi a 2023 wayar ba ta shiga. Ku sa su a addu'a.

Hajiya Babba: Allahu akbar. Allah ya sada ku da alheri.

Ɗan Marusa: Alhaji da ka amshi sarautarka ka yi shiru, da yanzu muna faɗuwa gaisuwa.

Alhaji Na Daura: Kai da naka asalin aka bi sai an tsinci ƙwaryar nono.

Ɗan Marusa: Gara nono da a bi na Babarbaren zauren nan.

Kaka Modu: Ina jin ka, bawana.

Malam Sani Tarihi: Ku bari mu koma kan tambayar baiwar Allah. Hajiya, naki ya fi na Alhaji sauƙi ta wani gefen, don soja akwai rubutu. Mutanenmu sun je ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ta farko ta tashi a 1943, ta biyu a 1944. Hukumar Kwamanwel mai kula da kaburburan yaƙi ta sa sunayen waɗanda suka rasu a intanet, kyauta ake dubawa. Waɗanda ba a san kabarinsu ba an sassaƙa sunansu a dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, na sojojin Kwamanwel baki ɗaya, suna kusan 27,000. Wahalar ita ce Bature ba ya rubuta sunan uba, sai ya haɗa mutum da garinsu: Musa Katsina, Audu Daura. Kuma a rubuta yadda kunne ya ji, ki gwada har da Katsena. In da lambar soja ko wata tsohuwar lambar yabo a adakar Iya, an gama rabin aiki.

Abu Sadik: Ta leƙa ofishin 'yan mazan jiya ma.

Malam Sani Tarihi: Ƙwarai. Kuma rashin sunan a can ba ƙarshen magana ba ne. Wasu sun dawo lafiya aka sallame su, suka zauna Legas ko Kaduna ba su ƙara waiwayo gida ba. Ina zuwa gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna ƙarshen wata, zan tambaya maki.

Ummu Hanif: Ni dai shawarata ki kunna waya ki naɗi muryar Iya yau, ba gobe ba. Tamu muna ta cewa sai bayan Sallah.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri, wa ya san mai gyaran sola wajen Ƙofar Ƙaura?

Hajiya Babba: Ka bi ta zauren kasuwa dan Allah.

Kaka Modu: Hajiya a nemi tsofaffin wanzaman unguwar da maroƙa. Maroƙi na iya jero maki kakanni biyar a tsaye.

Alhaji Na Daura: Ya jero dai gwargwadon abin da ka miƙa mashi.

Kaka Modu: Ban ce a hau a zauna ba Alhaji, a ji sannan a auna da na tsofaffi.

Maman Ihsan: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na fito daga ɗakinta. Lamba babu. Sunan ma ta ƙi faɗa, sai dai "mai sunan Malam", wai sunan mijinta ne. Marigayi kakanmu kuwa Abubakar. Ta ce yana da bille a kumatun hagu.

Malam Sani Tarihi: To Garba Katsina ke nan, ko Abu, ko Bukar in magatakardan Babarbare ne. Ki tambaye ta ko an taɓa kawo wa mahaifinsu wata takarda ta hannun mai unguwa.

Kaka Modu: Mu kuma me muka yi?