Na sayi na'urar gano ƙarfe amma ƙusa kawai nake tonowa, ina neman shawara

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Na daɗe ina sha'awar yawo da na'urar gano ƙarfe, ba don neman arziki ba, ni dai tsofaffin abubuwa ne ke burge ni. Kwanan nan na sayi ta masu koyo, irin mai allo da ke nuna lamba. Damuwata ita ce duk inda na kara ta sai ta yi ta kuka, in na tona kuma ba abin da nake samu sai ƙusa mai tsatsa da murfin kwalba da guntun gwangwani. Wani lokaci ma in haƙa rami in tarar babu komai. Wani ya ce min na'urar ce ba ta da ƙarfi, in nemi irin wadda ake talla cewa tana jin zinare daga nesa. In canja ta ne, ko in ƙara mata tacewa, wato saitin da ke toshe sautin wasu ƙarafa, ta daina kuka a kan tarkace?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka canja komai tukuna. Lafiyarta ƙalau, ba ka gane yarenta ba ne, kuma haka kowa ya faro. Ka samu fili a inda kake da iko, ka kara na'urar ka tabbatar babu ƙarfe a wurin, sannan ka binne abubuwa da hannunka: tsabar kuɗi, ƙusa, zobe, murfin kwalba, guntun alminiyam. Ka ba su tazarar taku biyu, wasu a zurfin santimita 10, wasu 20, ka sa alama. Kullum ka bi ta kansu kana sauraro. Za ka ji tsaba tana ba da sauti ɗaya tsaf ko ta wane ɓangare ka bi, ita kuwa ƙusa sautinta a karye yake, in ka juya ka bi ta gicciye sai ya canja ko ya ɓace. Kunne ya fi allon nan faɗin gaskiya, shi ya sa nake cewa ka riƙa sa iyafis.

Tacewa kuwa, ka yi hattara da ita. Zoben zinare da marfin gwangwanin alminiyam kusan lamba ɗaya suke bayarwa. Ranar da ka toshe alminiyam, ka toshe zinare ke nan.

Mai Gyaran Rediyo:
Bari in ƙara a kan maganar Baba. Yawancin na'urorin masu koyo waya biyu ce a naɗe cikin faifan nan na ƙasa, ɗaya tana aika maganaɗisu cikin ƙasa, ɗaya tana karɓar amsa. In ya faɗa kan ƙarfe sai ƙarfen ya mayar da nasa, na'urar ta auna jinkirin da aka samu ta fitar da lamba. Wato ba ganin abin take yi ba, kintace take yi daga girmansa da yadda lantarki ke gudu a cikinsa. Shi ya sa baƙin ƙarfe ke zama a ƙasan ma'auni, azurfa da jan ƙarfe a sama, zinare da alminiyam da dalma a tsakiya. Shi ya sa kuma babban gwangwanin da aka take, in ya yi zurfi, zai yi maka kukan tsabar azurfa.

Batun ramin da babu komai, duba waɗannan. Ka rage ƙarfin jinta, don masu koyo suna son kai shi ƙarshe, alhali a nan take fara sambatu. Ka nisanci wayoyin lantarki, ka sa wayarka ta hannu a aljihun baya. Takalmi mai ƙarfe a baki ma yana jawo haka. In ƙasar wurin tana da sinadarin ƙarfe da yawa, sai ka daidaita na'urar da ƙasar kafin ka fara, littafinta ya nuna yadda ake yi. Sau da yawa kuma abin ya riga ya fito, yana cikin ƙasar da ka tara a gefe.

Waccan mai jin zinare daga nesa, wallahi ka riƙe kuɗinka. Ƙarfin maganaɗisu yana mutuwa da sauri in ya bar faifai. Na'ura mai kyau tana jin tsaba a zurfin kamar santimita 20 zuwa 30, gwargwadon faɗin faifanta. Wanda ya ce maka tasa tana ji daga ɗaruruwan mitoci damfara ce.

Uwar Biyu:
Ni dai Baba ka yi haƙuri, ban goyi bayan a bar shi ya yi ta tonon komai ba. Na ga waɗanda suka jingine na'ura a bayan ƙofa saboda gajiya da ƙusa. Ɗan'uwa, ka toshe baƙin ƙarfe kaɗai, sauran ka bar su a buɗe. Ka kuma duba yadda kake lilo da ita: faifai dab da ƙasa, a shimfiɗe, kada ya ɗaga in ka kai ƙarshen hannu, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Kamar mai shara a hankali. In da hali ka sayi 'yar sandar nan ta hannu mai nuna daidai inda abu yake a cikin rami, tana rage wahala ƙwarai. Safar hannu dole ce, akwai fasassun kwalabe da allurai.

Tsohon Hannu:
Na yarda, Hajiya. Baƙin ƙarfe kaɗai, shi ma na ɗan lokaci. Tsofaffin makullai da kayan doki duk baƙin ƙarfe ne, shi kuma ya ce tsofaffin abubuwa yake so.

Ɗalibin Tarihi:
Malam, akwai abin da ya fi saitin na'ura muhimmanci. Kada ka taka filin kowa sai da izininsa, ku kuma yi magana tun farko a kan yadda za a yi in an samu wani abu. Maƙabarta da wuraren tarihi ba a kusantarsu. Dokar kowace ƙasa daban ce, ka nemi ta inda kake. A Ingila dokar 1996 ta ba mutum kwana 14 ya kai rahoton abin da yake zaton taska ce, a Amurka kuma dokar 1979 ta hana tonon kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayya ba tare da takardar izini ba.

Abin da ya sa nake nanata wannan: a 1992 wani mutum a Hoxne ta Ingila yana neman gudumar abokinsa da ta ɓata a gona, sai ya faɗa kan taskar zamanin Rumawa, tsaba kusan 15,000 da cokulan azurfa da kayan zinare. Bai ci gaba da haƙa ba, ya kira hukuma. Saboda haka masana suka samu damar ɗauko kayan yadda aka jera su a akwati, aka kuma biya shi lada. Da ya kwashe a buhu, da rabin labarin ya salwanta. In ka ga abubuwa da yawa a wuri ɗaya, ka tsaya, ka ɗauki hoto. In kuma ka ga mai kama da harsashi ko bam, kada ka taɓa, ka ja baya ka kira jami'an tsaro.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Gobe zan binne abubuwan gwaji. Tambaya ɗaya ta rage: yaya ake tono a wuri mai ciyawa ba tare da an ɓata wa mai fili rai ba?

Uwar Biyu:
Ka yanka ciyawar ta gefe uku da zurfi, ka bar gefe ɗaya a manne, sai ka kifa ta. Ƙasar da ka ɗebo ka zuba a kan tsumma, kada ta watsu. In ka ciro abin, ka sake kara na'urar a ramin, don wani lokaci biyu ne. Sai ka mayar da ƙasa, ka rufe, ka danne da ƙafa. Tarkacen da ka tono ka tafi da shi a jaka, in ba haka ba kai za ka sake tono shi wata rana. Lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau kuma ka haƙura da wurin ciyawa, don in ka yanka ta ba za ta sake kamawa ba.