Version control da mirroring: wane suna za mu ba su da Hausa?

1/ Jama'a masu rubuta manhaja, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Ina jin ana kiran version control da mirroring duka "ajiye kwafi", alhali kowanne da aikinsa.

2/ Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, da Subversion da ya riga shi fitowa, manhajojin version control ne, aikinsu riƙe tarihi ne: wa ya taɓa wane layi, yaushe, kuma me ya ce ya sa shi. Ka goge fayil yau, gobe ka nemi yadda yake a makon jiya, a fito maka da shi. Mutum biyu su gyara fayil ɗaya a haɗa musu, inda suka ci karo a nuna musu layin su sasanta da kansu.

3/ Wasu na kiran version control "sarrafa siga". Ba ta shiga kunne. Faɗa wa ɗalibi haka, sai ya tambaye ka sigar me. Ni dai "kundin gyare-gyare" na zaɓa, don kundi yana tarawa, ba ya zubar da na baya.

4/ Mirroring kuwa ba sai mun sha wahala ba: madubi. Abin da ke gabansa yanzu shi kaɗai yake nunawa. Ɗauki rsync, shirin kwafar fayiloli daga tushe zuwa wani wuri, na Andrew Tridgell da Paul Mackerras tun 1996. In ka ƙara masa --delete, fayil ɗin da ya ɓace a tushe zai ɓace a can ma. Ka lalata rubutu da safe, kafin azahar madubi ya kwashi ɓarnar tsaf.

5/ Wani ya ja ni: "Malam, ai git clone --mirror yana kwaso tarihin gaba ɗaya, ina bambancin?" Gaskiyarka, ɗan'uwa, yana kwasowa. Amma ba shi ya rubuta tarihin ba, hotonsa ya ɗauka. A share reshe (branch, wato layin gyare-gyare na daban) a tushe, a sabunta da --prune, nan ma reshen ya tafi. Wannan sai mu ce "madubin kundi".

6/ Inda nake neman bakinku: "kundi" na iya rikicewa da repository. Shawarata a bar wa repository "taska". Taska ita ce wurin ajiyar, kundin gyare-gyare tsarin da ke tafiyar da ita.