Shawarwari kan karin kumallo daga wata hira a Damagaram

Yawancin waɗanda suka yi magana sun yarda cewa kokon gero da ƙosai sun fi shayi da burodin da muka gada daga Faransawa riƙe ciki, domin wake yana gina jiki, kuma yunwa ba ta saurin dawowa. An ja kunnen masu zuba sukari cokali uku a kofi ɗaya, musamman masu ciwon sukari, kuma ina ganin wannan gargaɗin ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci.

Iyaye mata sun nace kada yaro ya tafi makaranta da ciki wayam, ko da ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, muddin an tafasa shi sosai. Mai shan fura kuwa ya tabbatar an dafa madarar kafin ta zama nono.