Ranar da kuka fara haɗuwa da kharshuf

Ɗan Azhar:
Salamu alaikum 'yan uwa. Sanyina na farko a Alƙahira na ga wani abu kore an tula shi a kasuwa, ɓawonsa hawa-hawa. Mai shi ya ce kharshuf ne. Na sayi uku, na dafa, na hau tauna har da ɓawo, sai da muƙamuƙi ya yi ciwo. Ashe gindin ake ci, bayan an kankare gashin nan mai maƙale a wuya. Wa ya taɓa cinsa, kuma da wane suna?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ni a Amman ne, maƙwabciyata 'yar Siriya ta aiko min da shi cushe da niƙaƙƙen nama. Ta ce sunansa ardi shauki, wato na ƙasa mai ƙaya. Na ce lallai suna ya dace.

Tsohon Malami:
Hajiya, sunan nan naki ɗan ci-rani ne da ya dawo gida ba a gane shi ba. Ni a birnin Garnada da ke ƙasar Sifen na ga an rubuta alcachofa a takardar abinci, kunnena ya ce akwai Larabci a nan. Asalin kalmar al-kharshuf ce. Mutanen Sifen suka karɓe ta daga Larabawan Andalus har da “al” ɗinta, kamar yadda muka yi wa albasa da alkama da allura. A arewacin Italiya ta zama articiocco, Faransawa suka ce artichaut, Ingilishi suka ce artichoke a ƙarni na 16. Da ta komo Sham a bakin Turawa, sai aka lanƙwasa ta zuwa ardi shauki don ta yi ma'ana. Alhali kharshuf ba a ƙasa yake ba, furen da bai buɗe ba ne a saman kara.

Maman Biyu:
Ikon Allah! Shekara huɗu ina faɗa, ban sani ba.

Na Landan:
Malam, ni suna ne ya yaudare ni. Na ga Jerusalem artichoke a kanti, na ce na Ƙudus ne, bari in sayi albarka. Saiwa ce kamar rizga, asalinta Arewacin Amurka, dangin furen nan mai bin rana da Italiyawa ke kira girasole, sunan da Ingilishi suka ji kamar Jerusalem. Daren nan cikina bai bar kowa ya yi barci ba.